Yadda na yi aikin saka wa hirar Hausa lebul a Jos, daga cike fom har zuwa biyan kuɗi

Salamu alaikum jama'a. Tun da na gama aikin nan abokai suke ta tambayata wai wane irin aiki ne, ya ake shiga, kuma ana samun kuɗi ko wahala ce kawai, shi ya sa nace bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya yadda ya gudana, don wanda zai shiga ya shiga da idonsa a buɗe. A taƙaice aikin shi ne a ɗauki hirar mutane ta gaske, a rubuta ta, a yayyanka ta gaɓa-gaɓa, sannan kowace gaɓa a faɗi abin da mai maganar ya aikata da ita: tambaya ya yi, amsa ya bayar, roƙo ne, umarni ne, yarda ce, ƙin yarda ne, alkawari ne, gaisuwa ce, ko kuwa amshi ne kawai irin su "eh", "haka ne", "uhm" da mai sauraro yake yi don a san yana tare, wannan sunan da ake maƙala wa kowace gaɓa shi ake kira lebul. Da irin wannan ake koya wa kwamfuta ta gane abin da mutum yake nufi in ya yi magana, ba kalmomin da ya furta kaɗai ba.

Ni a wani guruf na WhatsApp na waɗanda muka gama bautar ƙasa tare na ga tallar, ana neman masu jin Hausa sosai kuma masu laftof, a Jos. Na cike fom ta intanet, shiru shiru har na cire rai, sai ga saƙo wai in zo gwaji a wani ƙaramin ofis a wajen Bauchi Road. Abin da aka ce mu kawo: takardar NIN, fasfo guda biyu, fotokwafin sakamakon digiri ko difloma, da lambar akawun na banki mai sunanka, ba na yayanka ko na matarka ba, don akwai wanda aka mayar saboda wannan. Na je da sassafe cikin sanyin nan na Jos, muka zauna a benci har bayan azahar saboda wanda fom ɗin yarjejeniya yake hannunsa bai iso ba, babu wanda ya fito ya yi mana bayani, gaskiya raina ya sosu amma na daure. Gwajin kansa bai da tsawo, an sa mana ɗan odiyo na mata biyu suna hira aka ce mu rubuta abin da muka ji daidai yadda aka faɗe shi. Abin da suke dubawa shi ne ko za ka gyara wa mutane maganarsu. Wanda ya ji "zan je, zan je, ina nufin na je" ya rubuta "na je" kawai, ya faɗi. Sai aka ba mu yarjejeniya da takardar riƙe sirri. Don Allah ku karanta yarjejeniyar nan a tsanake, domin a ciki ne aka rubuta cewa biya yana bin yawan mintocin odiyon da ka kammala aka kuma amince da shi, ba yawan awannin da ka zauna kana yi ba, kuma bambancin waɗannan biyun ba ƙarami ba ne, zan zo kansa.

Horon da aka yi mana wata malamar jami'a ce ta jagoranta, Dakta muke ce mata. Ita ta fara nuna mana cewa abin ba sabo ba ne. Wani masanin falsafa ɗan Ingila, J. L. Austin, shi ya ja hankali kan cewa magana aiki ce, a laccocin da ya gabatar a Harvard a 1955 waɗanda aka buga a 1962, misali in waliyyi ya ce "na ba shi ita" a wurin ɗaurin aure ai ba labari yake bayarwa ba, aurarwar yake yi da bakinsa. Wani masanin falsafa ɗan Amurka, John Searle, ya ɗora a kai a 1969. Daga baya masu kwamfuta suka ɗauka, a 1997 aka fitar da wani tsarin lebul mai suna DAMSL, aka kuma daidaita shi aka yi amfani da shi a kan hirarrakin waya 1,155 na Amurkawa da ake kira Switchboard, da lebul 42. A wannan tarin, kusan kashi 36 cikin ɗari na maganganun bayani ne zalla, kusan kashi 19 kuma amshi ne. A 2012 hukumar tsara ma'aunai ta duniya, wato ISO, ta fitar da ma'auni na duniya kan wannan aiki, ISO 24617-2, wanda Harry Bunt na Jami'ar Tilburg ya jagoranci tsara shi, kuma babban abin da ya burge ni a cikinsa shi ne ya yarda magana ɗaya tana iya ɗaukar aiki fiye da ɗaya a lokaci guda. Wani abu da Dakta ta faɗa ya zauna mini a rai: masu lebul na Switchboard daga rubutu suka yi aikinsu, ba su saurari muryoyin ba. Tace mu kam ba za mu yi haka ba, kuma da muka shiga aikin na ga dalili.

Kundin ƙa'idojin da aka ba mu da Turanci yake, misalansa ma duk na Turawa ne, an rage lebul ɗin zuwa abin da za mu iya riƙewa a ka. A aji komai ya yi mana sauƙi, tambaya tambaya ce, amsa amsa ce.

Sai fita ɗaukar murya. Mu rukuninmu kasuwar Farin Gada aka tura mu, wajen masu tumatur da kabeji da karas da dankali, wasu kuma aka tura su kasuwannin Terminus da Katako. Kar ka kuskura ka shiga kasuwa da rakoda kai tsaye, Jos gari ne da ya ga abubuwa, mutane suna da dalilin yin taka-tsantsan da baƙon da yake naɗar magana. Mun fara zuwa ofishin shugabannin kasuwa da takarda daga wajen Dakta, ranar farko ba mu same su ba, da muka koma muka samu wani dattijo daga cikinsu, na durƙusa na gaishe shi nace Baba ga abin da ke tafe da mu. Ya karanta takardar sau biyu, yace "Yaro, maganar nan da za ku ɗauka ina za ta?" Na yi masa bayani cewa za a cire sunaye da lambobin waya, ba za a sa a rediyo ko Facebook ba, kuma duk wanda ya ce a goge tasa za a goge. Sai yace to a bi da mu wajen waɗanda suka yarda, ya haɗa mu da wani yaronsa. Wannan neman izini ba ladabi ne kaɗai ba, doka ce, dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta ɗauki amincewar mutum da muhimmanci. Fom ɗin amincewar mun sa an mayar da shi Hausa, wanda ba ya karatu mu karanta masa ya amsa da bakinsa a cikin odiyon. Wahalar ita ce masu saye, don mai sayarwa yana zaune ya riga ya yarda, amma kowace mai saye sai ka tare ta ka nemi izini kafin ta fara ciniki, wasu su ce a'a su wuce, kuma hakkinsu ne. Kuɗin keke da ruwa da fotokwafin fom duk daga aljihunmu muka fara fitarwa, aka ce a ajiye shaida za a mayar, to ka rubuta komai a takarda da kwanan wata don mai keke ba ya ba da rasit. Sannan ka naɗa a tsarin wav, wato nau'in fayil ɗin sauti da ba ya matse murya, kar ka tura odiyon a matsayin saƙon murya ta WhatsApp, yana matse shi ingancin ya ragu.

Rubutawa da yankawa a manhajar ELAN muka yi, kyauta ce, cibiyar Max Planck da ke Nijmegen a ƙasar Holan ce ta yi ta. Kowane mai magana yana da layinsa, a ƙarƙashinsa layin rubutu, a ƙarƙashin wannan layin lebul, kuma ana iya zuba jerin lebul ɗin a ciki ta yadda zaɓa kawai za ka yi ba sai ka buga da hannu ba, wannan yana hana kuskuren rubutu. A nan ne maganar biya ta fito fili, odiyon kasuwa na minti biyar yana iya cinye maka yamma guda, ga hon ɗin mota, ga masu dako suna "hanya hanya", ga mutum uku suna magana a tare, sai ka maimaita daƙiƙa uku sau ba adadi. Iyafis mai kyau wajibi ne, ni sai da na sayi wanda yake rufe kunne gaba ɗaya, 'yan dubbai ya ci mini amma ya biya kansa. Ka kuma saita kibod mai ƙ da ɗ da ɓ tun farko, don daga baya bin fayil ana gyara su azaba ce. Hausar Jos kuma dole ka bar ta yadda take, wani zai ce "matata ya zo", wata za ta fara da Hausa ta ƙare da Turanci ko Burokin, ba aikinka ba ne ka mayar da su Kanawa.

Yanzu ga inda ainihin aikin yake. An ba mu fayil iri ɗaya mu biyu, ni da wata abokiyar aiki 'yar Berom daga Bukuru wadda Hausa a bakinta ta tashi, aka ce kowa ya yi nasa kar mu tattauna. Da muka gama aka auna daidaituwarmu da ma'aunin kappa na Jacob Cohen, na 1960, wanda yake cire daidaituwar da sa'a kawai za ta iya kawowa, don in mafi yawan maganganu bayani ne to ko da ido rufe kuka yi za ku dace a wurare da yawa. Dakta tace abin da aka saba bi a fagen, tun bayan da Jean Carletta ta jawo hankali kansa a 1996, shi ne, da yake 1 yana nufin kun dace a komai, 0.8 zuwa sama ya yi kyau, daga 0.67 zuwa 0.8 a yi hattara, ƙasa da haka a sake zama. Namu bai kai 0.67 ba. Jikina ya yi sanyi don na san na zage na yi aikin, ita ma haka. Dakta ta kalle mu tace ba laifinku ba ne, kundin ne bai san kasuwa ba, ku kawo wuraren da kuka saɓa mu saurara tare.

Ga ɗaya daga ciki. Wata Hajiya ta tsaya kan kwandon tumatur tace "Malam nawa wannan?" yace "Taya mana Hajiya." Ta taya. Yace "Albarka." Tace "Haba Malam, ba za ka duba ni ba?" Yace "Ƙara wani abu dai." Ta ɗan yi shiru, tace "To bari in zaga in dawo." Ta juya, kana jin muryarta ta fara nisa a odiyon, sai yace "Zo Hajiya, kawo, Allah ya sa mu dace." Duk wanda ya taɓa ciniki ya san me ya faru, amma ka gwada zuba shi a lebul ɗin da aka tsara don hirar waya ta Amurka. "Albarka" a kundin babu inda zai faɗa sai addu'a ko godiya, alhali ƙin tayi ne ƙarara. "Ba za ka duba ni ba?" siffarsa tambaya ce ta eh ko a'a, amma babu amsar da take nema, roƙon ragi take. "Taya mana" amsa ce ga tambayarta ko umarni ne? Ni na sa umarni, abokiyar aikina ta sa amsa, kuma kowannenmu yana da hujja. "Bari in zaga in dawo" ita ta sa alkawari tunda abin da kundin ya ce ke nan in mutum ya faɗi abin da zai yi nan gaba, ni na sa ƙin yarda, daga baya muka ga ma ya fi haka, matsin lamba ne, kuma shaidar tana cikin abin da ya biyo baya, mai tumatur bai ce sai kin dawo ba, kiranta ya yi ya sallama. Daga nan muka samu ƙa'idar da ta fi kowacce yi mana amfani: in ka rikice, duba yadda abokin maganar ya karɓi zancen, shi ya fi ka sanin me aka ce masa.

Sai "to". Wallahi wannan 'yar kalma ita ta fi ba mu aiki. A rubuce duk "to" ce, amma a kunne akwai gajeriya mai faɗuwa ta na yarda, akwai ta amshi da mutum yake jefawa yayin da ɗayan yake ci gaba, akwai doguwa "tooo" ta mamaki ko shakka, akwai wadda ake buɗe sabon zance da ita, akwai ta rufe hira kafin a ce sai anjima. Mun zauna mu huɗu a ofis da lasifika muna maimaita "to" ɗaya ta wani mai dankali har mai shara ta leƙo ta ga ko lafiya, a ƙarshe numfashin da ya ja kafin ya faɗe ta da shirun da ya biyo baya su suka nuna bai yarda ba, haƙuri kawai ya yi. Da rubutu kaɗai aka ba mu da babu yadda za a yi mu gane. Haka "in sha Allahu", wani lokaci alkawari ne mai ƙarfi, wani lokaci a'a ce cikin mutunci. Haka addu'o'i, "Allah ya kiyaye hanya" sallama ce, "Allah ya kawo kasuwa" daga bakin mai saye yawanci yana nufin na wuce ba zan saya ba. A nan ni na dage, kuma har yanzu ina kan ra'ayina, cewa kar a ce tunda aikinta sallama ce to ba addu'a ba ce, mutumin da gaske yake yi maka fatan alheri kuma da gaske yake tafiya, duka biyun ne. Dakta ta yarda aka buɗe layi na biyu, magana ta iya ɗaukar lebul biyu kamar yadda tsarin ISO ya ba da dama. Gaisuwa ma sai da aka yi mata hukunci, ina kwana, ina gajiya, ya gida, ya yara, ya sanyi, ya kasuwa, duk siffar tambaya amma aka ce gaisuwa ce da amsar gaisuwa, sai fa in wani ya karya tsarin ya ce "wallahi yaran ba lafiya", to daga nan zance ya koma bayani. Abokiyar aikina kuma ta buɗe mini ido kan abubuwan da ban saba ji ba, irin yadda "sannu" take yawo a bakin mutanen Filato, gaisuwa, jaje, godiya, ban haƙuri, da yadda wasu tsofaffin mata suke rufe ciniki da "Allah ya albarkace ka". Haɗa mutum biyu masu Hausa daban-daban a fayil ɗaya shi ne abu mafi hikima da aka yi a aikin nan.

Aka sake rubuta kundin, wannan karon da misalai daga odiyonmu, aka ƙara lebul na tayi, ƙin tayi da sallamawa. Muka sake gwaji a sabon fayil, ma'aunin ya haura inda ake so, ranar kam na ji daɗi har cikin raina. Daga nan aka raba mana manyan fayiloli kowa ya tafi gida. Wannan matakin ba shi da wani labari sai naci, wuta ta zo ka yi caji, ta tafi ka tafi shagon caji ko ka koma ofis, ka kunna ajiyar kai-tsaye ta ELAN don tana da ita, kuma kar ka canza wa odiyo suna ko ka matsar da shi daga folda don fayil ɗin zai daina ganinsa. Na lura in na wuce awa biyu a zaune kunnena yana fara jin komai a matsayin bayani, sai in tashi in sha shayi in dawo. Na kuma buɗe littafi ina rubuta duk wurin da na yi shakka da mintinsa, ranar zaman mako in kai, maimakon in yanke hukunci ni kaɗai yau haka gobe haka.

Kafin miƙawa sai da muka bi kowane fayil muka rufe sunaye, lambobin waya da lambar akawun, don yanzu ciniki da tiransifa ake yi mutane suna karanto lamba da ƙarfi a tsakiyar kasuwa, a rubutu a sa alama a odiyo a shafe wurin. Mai duba inganci yana zaɓar wasu sassa ya saurara, in ya samu kurakurai da yawa ya dawo maka da fayil ɗin gaba ɗaya kuma ba a lissafa shi sai ka gyara. Biya shi ne inda aka fi jinkiri, an ce ƙarshen wata, wata ya ƙare aka ce takarda tana jiran sa hannu, muka yi ta sintiri da kiran waya, wanda ke da iyali a cikinmu ya shiga matsi sosai, kuma abin da ya fi ciwo rashin bayani ne ba jinkirin ba. Kuɗin dai sun shigo cif, har da na keke da muka rubuta, Alhamdulillahi.

Wanda zai shiga, ka tambaya tun ranar farko ko rubutawa da yankawa da lebul duk a farashi ɗaya suke ko kowanne da nasa, ko ana biyan zaman sasanta saɓani da fayilolin gwaji, da kuma wa za ka kira in biya ya makara. Ka gwada minti biyar na odiyo mai hayaniya ka ga lokacin da ya ɗauke ka kafin ka amince da adadin da za ka iya a mako. In aka ce rubutu kawai za a ba ka babu murya, ka faɗa musu a fili cewa Hausa ba za ta yiwu haka ba, ka ba su misalin "to" da "albarka". In ka ga lebul bai dace da abin da kunnenka ya ji ba kar ka cusa shi don a gama, ka rubuta ka kai zama, ta haka kundin yake gyaruwa. Sannan ka sani mataki na ƙarshe shi ne goge duk odiyo daga laftof da waya da fulash a gaban mai kula da aikin ka sa hannu a takarda, don haka ka tabbatar an rubuto maka cewa fayilolinka sun isa kuma an amince da su kafin ka goge komai.